Ciwon Rhoda Yana Cikin Faifai

"Ɗaga shi sama kaɗan, wajen haske. Yawwa! Kin ga inda ya rabu biyu?"

Lucia ce ke ba da umarni daga kan katifa, ƙafarta ta hagu a miƙe cikin farin siminti, an tokare ta da matashi. Shugabar zumuntar mata ta ɗaga baƙin fim ɗin hoton ƙashi a jikin taga, sauran matan suka yi cincirindo a bayanta, kowace da zaninta na coci iri ɗaya. Ga ƙashin nan kuwa fari fes, ya karye gida biyu, ko yaron goye ya gani ya san an ji jiki.

"Wayyo Yesu!" in ji wata, ta dafe ƙirji. "Maman Kingsley, da wannan kika kwana?"

"Da shi na kwana, 'yar'uwa. Ubangiji ne kawai," in ji Lucia.

Rhoda tana tsaye a bakin ƙofa da faranti cike da kofunan kunun zaƙi, bayanta yana yi mata kamar ana soka ƙusa. Babu wadda ta waiwayo ta ce mata sannu. Hannuwa dai suka riƙa miƙowa suna ɗaukar kofi, idanu suna kan taga. Gidanta ne fa, ɗakinta ne, katifar ma ta 'yarta Diana ce da ta bari lokacin da ta yi aure ta koma Kaduna.

Lucia ƙanwar mijinta Elias ce. Ta faɗo daga achaɓa a Hanwa, kuma da yake 'ya'yanta duk suna nesa, sai Elias ya ɗauko ta ya kawo ta gidansa na Samaru ta yi jinya. Rhoda ba ta ƙi ba, wa zai ƙi? Abin da ba ta zata ba shi ne yadda gidan zai koma kasuwa. Masu dubiya daga coci, daga Basawa, daga ƙauye, kowa ya zo sai an zaro fim ɗin nan daga ƙatuwar ambulan an ɗaga masa a taga, ya yi salatinsa ko ya kira Yesunsa, ya ajiye lemo da madara. Elias kuwa, mutumin da tunda suka yi aure bai taɓa ɗora tukunya a wuta ba, yanzu shi ne mai zuwa mahauta da sassafe neman ƙafar saniya, wai farfesunta yana haɗa ƙashi.

Ita kuma Rhoda ta fi shekara tana cewa bayanta. Da dare ba ta iya juyi, da safe sai ta dafa bango take miƙewa. Elias ya ce tsufa ne. Matan zumunta suka ce ai duk macen da ta haihu tana da ciwon baya. Har ta taɓa jin wata tana raɗa cewa Maman Diana ba ta son sharar coci ne kawai. Ciwon da ba ya kumbura, ba ya jini, ba a sa masa siminti, to wa zai yarda da shi? Gaskiya kishi take yi da ƙafar nan ta Lucia, kishi mai ɗaci, kuma ta san abin kunya ne, amma sanin bai rage komai ba.

Yau dai tana da nata. Jiya Diana ta aiko da kuɗi, Rhoda ta je wani sabon gidan hoto a Sabon Gari, aka kwantar da ita aka tura ta cikin wani inji mai kama da bakin rijiya. Ta ajiye farantin, ta shiga uwar ɗaki, ta fito tana gyara murya.

"Ni ma an yi mini nawa jiya. Na kwamfuta ne, ba irin na dā ba."

Ta miƙa abin da aka ba ta. Faifan sidi ne guda ɗaya a cikin 'yar farar takarda, an rubuta sunanta a kai da baƙar alƙalami.

Shugabar zumunta ta karɓa, ta juya gaba, ta juya baya, sannan ta ɗaga shi a taga kamar yadda aka saba. Ba ta ga komai ba sai fuskarta.

"To ina bayan yake?"

"Yana ciki."

"Kai! Na ɗauka sabbin waƙoƙin kwayar coci ne," in ji wata, aka kwashe da dariya. Wadda ke kusa da ita ta karɓa ta duba fuskarta a jiki, har da gyara ɗaurin ɗankwali.

Elias ya shigo da kwanon farfesu yana hura hannu. Da aka gaya masa abin da ake ciki, ya ce ai wannan ba wuya, ya ajiye kwanon gaban ƙanwarsa ya kunna injin kallon fim. Kowa ya juya ya fuskanci talabijin. Rhoda ta ƙura wa allon ido kamar ranar da za a karanta sakamakon jarrabawar Diana. Injin ya haɗiye faifan, ya yi gurnani, ya yi shiru, ya sake gurnani, allon ya tsaya shuɗi. Elias ya ciro shi, ya hura masa iska, ya goge da gefen rigarsa, ya mayar. Shuɗin dai.

"Yaya, ko wanda babu komai a ciki suka ba ta?" Lucia ta faɗa tana tsotsar ƙashi. Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ya fi ƙona wa Rhoda rai ke nan. "Ai Maman Diana da kin ce su ba ki fim irin nawa. Kowa ya gani ya huta."

"Wataƙila ma babu abin da suka gani shi ya sa," in ji shugabar zumunta. "Sai mu gode wa Allah."

"Amin," matan suka amsa gaba ɗaya, suka koma kan taga.

Elias ya miƙa mata faifan ba tare da ya dube ta ba. "Maman Diana, ruwan zafin Lucia fa? Lokacin maganinta ya yi."

Rhoda ta karɓi faifanta. Ta wuce murhu, ta wuce butar da ke jiran a ɗora ta, ta ɗauki jaka da mayafi ta fice. Mai son ruwan zafi ya hura wuta.

Asibitin Dakta Olusegun ba nisa, bayan kasuwar Samaru yake, ɗaki huɗu da baranda. Shi ya tura ta yin hoton bayan ƙwayoyinsa sun ƙi aiki. Mutum ne da ya tsufa a Zariya, Hausa a bakinsa kamar a Tudun Wada aka yanke masa cibiya. A bangon ofishinsa akwai akwatin fitila fari inda yake maƙala fim ya karanta, kuma a nan Rhoda ta kafa ido tun da ta zauna.

Ya karɓi faifan ya yi ajiyar zuciya.

"Su ma sun koma wannan ke nan. Mama, ba su ba ki takardar bayani ba?"

"Wannan kaɗai suka ba ni. Likita, ba za ka maƙala shi a fitilar ba?"

Ya yi dariya, amma da ya ga fuskarta sai ya haɗiye sauran. Ya ce wannan sai kwamfuta, kwamfuta kuma guda ɗaya ce a asibitin, ta sakatariya, da ita ake buga takardu. Ga shi an ɗauke wuta a layin asibitin tun safe. Ta ce za ta jira. Ya ce ba a san ranar dawowarta ba. Ta ce za ta jira dai. Ya dube ta ta saman tabarau, ya leƙa taga ya ce a tayar da janareto.

Suka tsaya su biyu a bayan sakatariyar. Kwamfutar ta ɗauki lokacinta ta farka, ta karɓi faifan, ta nuno wasu rubuce-rubuce da lambobi reras. Aka danna na farko, ta ce ba ta san shi ba. Aka danna na biyu, ta daskare gaba ɗaya, ko kibiyar ta daina motsi.

"Kin gani ko?" Dakta Olusegun ya buga tebur da yatsa. "Haka nake fama. Na Kaduna ya buɗe, na Kano ya ƙi. Na Kano ya buɗe, na Abuja ya kashe mini inji. Kowane asibiti ya sayo nasa daga wata ƙasa, kowane da yarensa, babu mai jin na wani. Dā mutum ya shigo da ambulan ɗinsa a hammata, ko daga Maiduguri yake, in ɗaga in gani. Yanzu an ce an ci gaba, ga ciwonki a hannuna, ni da makaho ɗaya."

"To yaya zan yi?"

"Ki koma wurinsu. Ki ce su buga miki a fim, ko su rubuto abin da suka gani."

Fim. Kalmar kaɗai ta ɗauka ta fito da ita. Za ta koma gida da ambulan, kuma ta roƙi Allah ta fi ta Lucia faɗi.

Motar Sabon Gari ta cika maƙil, aka matse ta a kujerar baya tsakanin wata ɗaliba mai magana a waya rabi Hausa rabi Turanci da wani mai buhun barkono. Duk ramin da direba ya faɗa sai ta ji shi tun daga ƙugu har ƙeya. A Kwangila aka tsaya lodi, rana tana dukan rufin motar. Ta rufe ido, sai ga Lucia a kwance ana yi mata fifita, ana tambayarta ko gishirin farfesun ya ji. Ta yi tsaki mai ƙarfi har mai barkono ya matsa, ya ɗauka da shi take.

Gidan hoton sanyi ƙalau kamar cikin firji, ƙasa tana sheƙi. Yarinyar da ke kan tebur, an rubuta Naila a ƙirjin rigarta, ta saurare ta da murmushin da aka koya mata.

"Mama, mun daina fim ai. Injin buga shi ma babu kayansa, sai an aiko daga Legas. Yanzu faifai ake yayi, ya fi kyau, ba ya yagewa, ba ya jin ruwa."

"Ba ya kuma buɗuwa."

"Wannan matsalar kwamfutarsu ce, Mama, ba tamu ba."

"To takardar bayanin?"

"Likitar da ke karantawa daga Kano take zuwa, kuma aiki ya taru mata. Ki dawo mako mai zuwa."

Mako mai zuwa! Ta koma gida hannu rabbana, ta tarar da shugabar zumunta ta riga ta baza wa coci cewa an duba Maman Diana ba a ga komai ba? Rhoda, wadda ko a taron mata ba ta cika ɗaga murya ba, ta ajiye jakarta a kan teburin da ƙarfi.

"'Yata, ba inda za ni. Kun karɓi kuɗin 'yata, kun tura ni cikin rami, kun ba ni madubi. Likitana bai gani ba, mijina bai gani ba, ni mai bayan ban gani ba. To wa kuka yi wa hoton? Yau sai an nuna mini, ko ku kira 'yan sanda su ɗauke ni."

Masu jira suka ɗago kai. Wani Inyamuri mai ɗaurarren hannu ya ce da Turancin kasuwa mama ta yi gaskiya, shi ma nasa faifan yana aljihu yana yawo da shi. Ƙofar ciki ta buɗe, likitar da ke karanta hotunan, mace siririya mai farar riga a kan atamfa, ta leƙo.

"Naila, lafiya?"

"Dakta Hafsatu, wai sai an nuna mata yau."

Likitar ta dubi Rhoda, ta dubi yadda ta dafe ƙugu da hannu ɗaya. "Shigo, Mama."

Ɗakin duhu-duhu ne, da manyan allunan kwamfuta biyu. Rhoda ta miƙa faifan, likitar ta ce ta riƙe abinta. Sunanta kawai ta tambaya ta buga, sai ga hotuna sun cika allon.

"Au! Dama yana wurinku? To me ya sa kuka ba ni wannan?"

"Don likitanki ya gani."

"Bai iya buɗewa ba."

"Na sani, Mama. Kullum sai an dawo mana da irinsa."

Ta fara murza wani ɗan abu da yatsa, hotunan suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Rhoda ta matso da kujera. Ba ta gane komai ba, wasu zagaye-zagaye ne fari da toka, kamar an yanka rogo. Ranta ya ɗan sosu, domin ko kusa bai kai na Lucia kyan gani ba. Sai ta lura yatsan likitar ya tsaya. Ya koma baya. Ya sake tsayawa. Likitar ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Mama, tun yaushe bayan yake ciwo?"

"Ya fi shekara. Ba wanda ya yarda."

"Kina ramewa?"

"Zannuwana duk sun yi mini yawa. Suka ce azumi ne."

"Akwai wani ƙullutu da kika taɓa ji a jikinki? A nono, ko a hammata?"

Rhoda ta dafa gefen ƙirjinta. "Akwai ɗaya a nan hagu. Amma shi ba ya ciwo, shi ya sa ban kula shi ba. Bayan dai shi ne damuwata."

Likitar ta tashi ta rufe ƙofa, ta nemi izini ta duba ta. Hannunta da sanyi. Da ta gama ta wanke hannu ta daɗe tana gogewa, sannan ta jawo kujerarta ta zauna dab da Rhoda, ta nuna allon da bayan biro.

"Kin ga nan? Ƙashin bayanki ne. Ya kamata ya zama fari duka. Kin ga waɗannan baƙaƙen wuraren? Nan, da nan, da nan ƙasa. Wani abu ne yake cin ƙashin. Ina jin daga ƙullutun nan ya taso ya bazu. Sai an yi gwaji za a tabbatar, amma ba zan ɓoye miki ba, Mama, ina tsoron ciwon daji ne."

Kalmar ta shiga kunnen Rhoda, amma ta tarar da wurin a cike. Abin da ya cika shi kuwa shi ne baƙaƙen ramukan nan uku, ga su ƙuru-ƙuru, har wanda bai yi makaranta ba zai gani in an nuna masa. Wani daɗi ya taso mata tun daga ciki.

"Ke nan ba ƙarya nake yi ba."

"Ƙarya? Mama, ni mamaki nake yadda kike tafiya da ƙafarki. Wa ya kawo ki?"

"Ni na kawo kaina. A motar haya." Ta gyara zama. "Likita, in tambaye ki. Tsakanin wannan da karayar ƙafa, wanne ya fi?"

Dakta Hafsatu ta dube ta kamar ba ta ji daidai ba.

"Karaya ai wata biyu ne, uku, mutum ya tashi. Wannan ya fi, Mama. Nesa ba kusa ba."

"Nesa ba kusa ba," Rhoda ta maimaita a hankali, tana adana shi yadda za ta faɗe shi daidai. "To ki buga mini. Ko a takarda ne. Ki zagaye wuraren da jan biro yadda za a gani."

Likitar ta juya ga kwamfutar. Ta buga hoton a farar takarda, ta zagaye wurare ukun, ta sa a ambulan. Ta ce ita da kanta za ta kira Dakta Olusegun yau ɗin nan ta yi masa bayani, kuma gobe da safe a kai ta babban asibiti, kada a ɗaga. Ta ce kada ta sake ɗaukar ko bokitin ruwa, kada ta hau achaɓa. Ta ce ta zo da maigidanta, da 'yarta in zai yiwu. Rhoda tana ta cewa to, to, hankalinta yana kan ambulan ɗin. Ƙarama ce, ba ta kai rabin ta Lucia ba, amma ba komai.

Har bakin titi likitar ta rako ta, tana riƙe mata da jaka. Ita ta tsayar da mota, ta ce wa kwandasta a ba mama gidan gaba, ta riƙe hannunta har ta zauna.

Mota ta kama hanyar Samaru, Rhoda ta rungume ambulan tana shirya yadda za a yi. Ba za ta yi magana da ta shiga ba. Za ta zauna a kujera, ta bari sai Elias ya tambayi inda ta je ta bar ruwan zafi. Sannan ta zaro takardar ta miƙa masa, ta ce likita ta ce ko bokiti kada ta ɗauka. Za ta aika a kira shugabar zumunta, wadda ta ce a gode wa Allah. Lucia kuwa sai ta matsa, katifar ai ta ɗauki mutum biyu. Murmushi ya suɓuce mata har matar da ke zaune kusa da ita, wata dattijuwa mai kwandon tumatir a cinya, ta lura.

"Daga asibiti, Hajiya? Da alama an samu labari mai daɗi."

"An gano ciwon," in ji Rhoda. Ba ta ma gyara mata Hajiyar ba. "Shekara guda ina faɗa ana cewa raki ne. Yau likita ta gani da idonta."

"Alhamdu lillahi. Ai in an gano an gama. Wane magani suka rubuta miki? Ni ma bayan nan nawa ya ishe ni."

Rhoda ta buɗe ambulan ta duba. Takardar hoton ce kaɗai. Ta buɗe jaka ta laluba, ga faifan, ga canjin mota, ga ɗan littafin waƙoƙi. Ta sake duba ambulan ɗin, har da girgiza ta.

"Ba ta rubuta ba."

"Ko ƙwaya ɗaya?" Dattijuwar ta taɓe baki. "Wace irin likita ce wannan?"

Rhoda ta rufe jakar. Tunda take zuwa asibiti, tun tana budurwa, ba ta taɓa fitowa ba a rubuta mata ko da farasitamol ba. Ba ta kuma taɓa ganin likitan da ya bar kujerarsa da layin mutane ya riƙe wa marar lafiya jaka har titi ba. Sai yanzu kalmar nan da aka faɗa a ɗaki mai duhu ta samu wurin zama. Ta sake duban takardar da ke kan cinyarta.

Suka wuce ƙofar jami'a, suka shiga Samaru. Daga nan tana hango kan layinsu, da mai gasa masara, da wasu mata biyu masu zanin zumunta suna shiga da leda a hannu.

"Kasuwa akwai?" kwandasta ya yi kira yana buga jikin mota. "Mama ta gaba, ba nan kika ce ba?"

Rhoda ta ninke takardar ta mayar cikin ambulan.

"Mu je gaba tukuna," ta ce.